Yana Aji Huɗu, Amma Bai Gama Aji Ɗaya Ba

Idan ɗalibin jami'a ya dawo gida hutu, tambayar da ake tarbarsa da ita ba ta wuce guda ba: "Yanzu aji nawa kake?" Ya ce aji uku, a ce masha Allah, saura shekara ɗaya ke nan. Uba ya fara lissafin ranar da zai huta da kuɗin makaranta. In 'ya mace ce, wani lokaci har ranar biki ake sawa a kan wannan lissafi. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai amsarsa ba ta ɗauke da labarin da ake zaton ta ɗauka. A firamare da sakandare, hawa aji shaida ce ta cin jarrabawa. A jami'o'in Nijeriya na yau kuwa, mutum na iya zama a aji huɗu alhali akwai darasin aji ɗaya da bai ci ba, kuma wannan darasi guda ya isa ya tsare shi a bakin ƙofa ranar da abokansa za su fita.

Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1960 da 1970 ba su da laifi in sun yi wannan tambaya, don a zamaninsu tana da ma'ana. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta biyo baya a 1962, tsarin Ingila suka gada. A yi karatu shekara guda, a zauna jarrabawa a ƙarshenta. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu a ba shi dama ya sake zama kafin a koma, wanda ya faɗi da yawa ya maimaita ajin ɗungurungum. Tsarin da ake bi yanzu daga Amurka ya fito. A can ne Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869, ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussa, kuma da zaɓi ya shigo dole a samo ma'aunin da za a gwada karatun wannan da na wancan, sai aka koma ƙirga awannin zama a aji. Jami'ar Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara kama wannan hanya a nan gida. Bayan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, tsarin ya game ƙasa. An sabunta ma'aunin a 2007, aka kuma ƙaddamar da sabo mai suna CCMAS a Disambar 2022, wanda ya bar wa hukumar tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, kowace jami'a ta cike sauran 30 gwargwadon bukatar yankinta.

A wannan tsari ana yanka karatun digiri gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ita ce kwas, tana da lamba, ana fara ta a gama ta cikin zangon karatu guda, wanda ɗalibai ke kira samista, ana kuma yin jarrabawarta a wuce. Kowane kwas yana da nauyi, wanda ake aunawa da yunit, wasu su ce kiredit. Yunit ɗaya yana nufin lakca ta awa guda a mako har mako 15, ko awa uku a mako in aikin ɗakin gwaji ne ko na fili. Digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120, na shekara biyar irin injiniya 150, wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da NCE ko difloma ko IJMB kuma aƙalla 90 a digirin shekara huɗu. Wannan shi ne ƙasan ma'auni, sashe na iya neman fiye da haka. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya yin rajistar ƙasa da yunit 15 a zango, ba ya kuma wuce 24. A riƙe wannan 24 ɗin, za mu dawo kanta. Likitanci da 'yan'uwansa suna da tasu doka daban, ta jarrabawar ƙwarewa mataki-mataki, kuma digirin likita ba a raba shi daraja-daraja, don haka abin da ke tafe bai shafe su kai tsaye ba.

Kwasa-kwasan ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai na dole, waɗanda sai an ci su. Akwai na zaɓi, da ɗalibi ke ɗauka daga sashensa ko wani sashe don cike adadi. Akwai kuma na gama-gari da kowa ke yi ko me yake karanta, irin su Turanci, al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, zaman lafiya da sasanta rikici, da koyon sana'a. Waɗannan na ƙarshe su ɗalibai suka fi rainawa. Ana yin su a babban zaure, mutum ɗari-ɗari, na baya ba ya jin abin da malami ke faɗa, sai a ce ai na wucewa ne. Amma doka ba ta san da kwas na wucewa ba. Mai karanta lissafi da ya ci duk darussan sashensa da A, in bai ci Turancin aji ɗaya ba, ba shi da digiri.

Yanzu sai lissafi, kuma ina roƙon mai karatu ya daure, domin nan ne zuciyar maganar. A ma'aunin da akasarin jami'o'i ke bi, maki 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuma F, babu komai. Wasu jami'o'in sun soke E, sun mai da 45 matakin ci. Ana ninka darajar harafi da nauyin kwas, a haɗa jimilla, a raba da yawan yunit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon. In aka tara na duk zangunan da aka yi tun shigowa, shi ne CGPA.

Mu ɗauki ɗaliba mai kwas shida a zango, uku masu yunit 3, uku masu yunit 2, jimilla 15. A manyan ta samu A da C da F, wato 15 da 9 da sifili. A ƙananan ta samu B da B da D, wato 8 da 8 da 4. Jimillar makinta 44, a raba da 15, ya ba da 2.93. Da a ce wannan F ɗin C ce, ba ma A ba, da jimillar ta zama 53, GPA ɗin ya zama 3.53. Kwas guda ya tsallakar da ita daga wata darajar digiri zuwa wata, domin daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba, wato 2.1, daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Ƙasa da nan, a jami'o'in da ke ba da shi, sai digirin wucewa kawai. Abin lura a misalin shi ne kwas mai nauyi ya fi cancantar lokacin ɗalibi. Da yawa suna yin akasin haka, su kwana kan darasin da suke jin daɗinsa mai yunit 2, su bar mai yunit 3 ko 4 da ke ba su tsoro sai daren jarrabawa.

Akwai wani abu da lissafin ke ɓoyewa, wanda in da za a karanta wa kowane sabon ɗalibi shi a ranar rantsuwar shiga jami'a da an rage kuka. Shekarar farko tana shiga lissafi daidai da ta ƙarshe. Mu ƙaddara yunit 30 ake yi kowace shekara. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.00, in yana son fita da 2.1, sai ya riƙe matsakaicin B a kowane kwas har shekara uku, ba tuntuɓe. In ya kai ƙarshen aji biyu yana kan 2.00, sai ya ci A a duk abin da ya rage, kwas bayan kwas, sannan ya taɓa 3.50 daidai. Wanda kuma ya gama aji ɗaya da 3.00, wanda ba mummunan sakamako ba ne, daraja ta ɗaya ta kusa kuɓuce masa, don shi ma sai ya share sauran shekara uku da A zalla. Ga shi kuwa aji ɗaya ita ce shekarar da yaro ya fara barin gida, yana neman ɗakin kwana, yana koyon dafa abinci, yana fama da Turancin malaman da bai saba jin irinsa ba, ba kuma mai tashinsa da asuba. Kafin ya gane inda ya dosa an yi jarrabawar zangon farko. Masu cewa "sai aji uku zan dage" sun makara, lissafi ya riga ya yi nisa.

Kwas ɗin da aka faɗi ba ya hana hawa aji, sai dai a ɗauke shi a tafi da shi. Wannan shi ne kariyoba. Bashi ne irin na mai kanti: yana barinka ka ci gaba da ɗaukar kaya, fuska a sake, amma littafinsa na nan, kuma ranar da za ka tashi daga unguwa sai an buɗe shi. Bashin ma da riba yake tafiya. A akasarin jami'o'i, F ɗin farko ba ta gogewa daga lissafi ko da an sake kwas ɗin an ci. Wanda ya faɗi kwas mai yunit 3 ya dawo ya ci A, maki 15 ya samu a kan yunit 6, wato 2.50, ƙasa da wanda ya samu C tun zaman farko ya wuce abinsa.

Nan ne 24 ɗin da muka ajiye take shigowa. Doka ta ce sai an fara yin rajistar kariyoba kafin sababbin darussa. Idan darussan zangon aji uku sun kai yunit 20, ɗalibi kuma yana bin kariyoba mai yunit 9, ba zai iya ɗaukar 29 ba. Dole ya ajiye wasu sababbi zuwa baɗi, baɗin ma tana da nata kaya. Ga kuma kwasa-kwasan da ke da sharaɗi, waɗanda ba a shiga sai an ci na ƙasa da su: wanda bai ci lissafin aji ɗaya ba ba za a bar shi ya yi rajistar na aji biyu da aka gina a kansa ba, na aji uku kuma yana jiran na aji biyu. Sannan kowane kwas a zangonsa ake koyar da shi, sau ɗaya a shekara. Wanda ya faɗi kwas na zango na biyu a ajin ƙarshe, sai ya jira zango na biyu na shekara mai zuwa. Yunit 2 ya ci masa shekara guda, da sabon kuɗin rajista, da kuɗin haya, da kunyar zama aji da ƙannensa. Shi ne ɗalibai ke kira sifiloba, kuma da yawa daga masu yinta a gida an ɗauka suna jiran kiran bautar ƙasa ne.

Ba duk mai sifiloba ne ya faɗi jarrabawa ba. Wani rajista ce ta kayar da shi. Ƙa'idar a fili take: kwas ɗin da ka yi wa rajista ba ka zauna jarrabawarsa ba, F ce, wanda kuma ka zauna ba ka yi masa rajista ba, ko ka ci 90 babu inda za a rubuta shi. Tunda rajista ta koma intanet, ɗalibai da yawa sukan miƙa lambarsu ga mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, shi kuma ya danna musu abin da ya danna wa na gabansu. Bai san wannan tana da kariyoba ba, bai san wancan ya sauya kwas na zaɓi ba. Lamba ɗaya ta kuskure, a ce 2203 a maimakon 2205, ɗalibi ya yi wata huɗu yana zuwa lakcar da ba ya cikinta a takarda. Jami'o'i suna ba da 'yan makonni a farkon zango don ƙara kwas ko sauke shi. Wanda ya ga kaya sun yi masa yawa, a wannan taga zai sauke ba tare da asara ba. In ta rufe, kwas ya zama nasa. Kowane aji yana da malami mai kula da shi, kodineta, wanda ke sa hannu a takardar rajista. A kai masa da kai, a zauna ya duba, a kuma ajiye kwafi mai sa hannu na kowane zango har ranar karɓar shaidar digiri. Ranar da aka ce ba a ga sunanka a kwas kaza ba, wannan takarda ce kaɗai mai yi maka shaida.

Jarrabawar ƙarshen zango ma ba ita ce duka makin ba. Kashi 30 ko 40 cikin ɗari, gwargwadon jami'a, daga gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida yake fitowa. Wanda ya tsallake gwaji don ya tafi biki ya shiga ɗakin jarrabawa da gurguwar ƙafa: in kashi 40 ya rasa, ko ya amsa komai daidai B ce iyakarsa. Akwai kuma dokar halartar lakca, wadda a mafi yawan wurare kashi 75 cikin ɗari ce kafin a cancanci zama jarrabawa. Gaskiya ba kowane malami ke aiki da ita ba, musamman a aji mai ɗaruruwan mutane, amma tana nan a rubuce, kuma ranar da aka ga dama aka zaro ta babu mai ceton wanda ta kama.

In CGPA ya faɗi ƙasa da wani mataki a ƙarshen shekara, 1.00 a wasu jami'o'i, 1.50 a wasu, ana sa ɗalibi a matakin gargaɗi. Shekara guda ake ba shi ya farfaɗo. In bai haura ba, sai a sallame shi daga wannan fanni, wani lokaci da damar neman wani sashe da zai karɓe shi, wani lokaci daga jami'ar baki ɗaya. Shawarata ga wanda ya tsinci kansa a nan ita ce ya rage kaya zuwa mafi ƙarancin yunit da doka ta yarda, ya fuskanci kariyobarsa. Abin da akasari ke yi shi ne su cika 24 wai don su kamo abokansu, sai su ƙara nutsewa. Kuma sauya fanni ba abin kunya ba ne. Yaro da aka tura kimiyyar haɗa sinadarai don uba na son a ce ɗansa ɗan kimiyya ne, yana iya zama zakara a tarihi ko tattalin arziki in aka bar shi ya koma tun wa'adinsa bai ƙare ba.

Wa'adi kuwa akwai shi. Ƙa'idar NUC ita ce kada ɗalibi ya wuce rabin tsawon karatunsa a matsayin ƙari: digirin shekara huɗu iyakarsa shida, wato zango 12. Wanda ya cinye su da kwas guda a wuyansa, ya tafi hannu rabbana. Zangunan karatu ake ƙirgawa, ba shekarun kalanda ba, don haka yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, irin na 2022 da ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba ya cin wa'adin ɗalibi, ko da yake yana cin shekarunsa na haihuwa, wanda shi ma yana da nasa lissafin.

Abin da ke cin wa'adi a ɓoye shi ne tafiya ba sallama. Rashin lafiya ta kwantar da mutum, ko mahaifi ya rasu kuɗin rajista ya gagara, ko hanyar garinsu ta zama ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, sai ya zauna a gida da niyyar in abubuwa sun daidaita ya koma. Jami'a ba ta san da wannan niyya ba. Abin da ta sani shi ne ya yi rajista bai zauna jarrabawa ba, sai a jera masa F, ko bai yi rajista ba sam, wanda in ya kai wani adadin zanguna a jere ana ɗauka ya bar karatu da kansa. Alhali akwai hanya: a rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashe, a haɗa da hujja, majalisar malaman jami'a ta amince. Zangon da aka jingine da izini ba ya jawo F. Haka wanda ciwo ya kama a lokacin jarrabawa, asibitin jami'a zai fara sanarwa, in kuma a wani asibiti ya kwanta, a kawo takardar likita cikin lokacin da doka ta ɗiba domin likitan jami'a ya tabbatar. Takardar da aka kawo bayan wata shida, sakamako ya riga ya fito, da wuya ta yi aiki.

Wannan ya fi shafar mata, kuma a nan ina ganin mazaje da iyaye suna da babban alhaki. Ɗaliba mai juna biyu ta san watan haihuwarta tun da wuri, ta kuma san watan jarrabawa. In sun yi karo, maganar takarda ce guda da za a rubuta tun farkon zango. Amma kunya kan hana ta zuwa gaban shugaban sashe, wanda galibi namiji ne, ta faɗi abin da ke tafe, sai ta yi shiru tana fatan Allah ya sa ta gama kafin naƙuda. Ta haihu ranar jarrabawa ta biyu, ta yi arba'in a gida, ta dawo ta tarar da F bakwai. Maigida da ya yarda matarsa ta yi karatu, rakiyarta ofishin sashe da wannan takarda yana cikin cika alkawarin.

Kan satar amsa ba sai an tsawaita ba. Shiga da waya ko 'yar takarda, ko zama wa wani, hukuncinsa daga dakatarwa ne zuwa kora, kuma dokar ƙasa ta 1999 kan maguɗin jarrabawa ta mai da shi laifin da kotu ke hukuntawa. F ana gyara ta baɗi, kora ba a gyara ta.

To, kada a ce duk laifin na ɗalibai ne. Tsarin nan an gina shi ne bisa zaton cewa ɗalibi zai ga sakamakon zangon da ya wuce kafin ya yi rajistar na gaba. A wurare da dama sakamako kan makara har a yi nisa da sabon zango, wani ma sai shekara ta juyo mutum ya ji yana da kariyoba, bayan tagar gyara rajista ta rufe. Mako 15 da yunit ke nufi kan koma tara ko goma idan ana gudun cike giɓin yajin aiki. Kodineta guda ana ɗora masa ɗalibai ɗaruruwa a kan nasa aikin koyarwa, sai sa hannu ya zama al'ada kawai. Kundin dokokin ɗalibai, wanda kuɗinsa kan shiga cikin kuɗin rajista, wani bai taɓa riƙe shi ba har ya gama. Kuma babban alfanun da aka ce tsarin yana da shi, cewa mutum zai iya ɗaukar yunit ɗinsa ya koma wata jami'a ya ɗora daga inda ya tsaya, a aikace ƙofa ce mai ƙunci ƙwarai. An ɗauki tsaurin tsarin an bar sassaucinsa.

Duk da haka ɗalibi yana da haƙƙoƙi da ya kamata ya sani. Sakamako yana bin matakai ne, daga taron malaman sashe zuwa na tsangaya zuwa majalisar malaman jami'a, kuma sai wannan majalisa ta amince yake zama na hukuma. Kuskure ya fi sauƙin gyaruwa kafin ya kai can. Wanda ya ga an rubuta masa bai zauna ba alhali ya zauna, ya garzaya wurin jami'in jarrabawa na sashe a rubuce, ba da baki ba, domin akwai takardar da kowa ke sa hannu a ɗakin jarrabawa, ita za a duba. Wanda kuma ya tabbata an tauye masa maki, dokokin jami'o'i sun ba shi damar neman a sake duba takardarsa, bayan biyan wani kuɗi, a ba wani malami daban ya duba. Hanya ce mai nauyi, ba a shigarta don jin haushi, amma ta fi bin malami gida da roƙo, wanda shi kansa laifi ne.

Da yake 'ya'yanmu suna ƙetara iyaka neman ilimi ta kowane ɓangare, ya kamata a san cewa kiredit ɗin Nijar ba ɗaya yake da yunit ɗin Nijeriya ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna bin tsarin LMD ne, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bologna ta ƙasashen Turai ta 1999, ƙungiyar UEMOA kuma ta umarci ƙasashenta su bi shi a 2007. A can zango guda kiredit 30 ne, digirin farko na shekara uku 180, digiri na biyu ƙarin 120. Ba wai 180 ɗin ta fi 120 ta Nijeriya yawan karatu ba ne, ma'aunin ne daban, domin nasu yana ƙirga har da awannin da ɗalibi ke karatu shi kaɗai. Maki a kan 20 ake ba da shi, 10 ne matakin ci, darussan da ke rukuni guda suna iya ɗaukar nauyin juna, akwai kuma zama na biyu ga wanda ya gaza, abin da ɗalibin Kano ko Sakkwato ba shi da shi. Mai niyyar karatu a waje ya dawo aiki Nijeriya ya tuna Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardarsa. Tun bayan da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, ido ya ƙara buɗewa a kan duk takardar da ta shigo daga maƙwabta.

A ajin ƙarshe, kafin a miƙa sunan ɗalibi ga majalisar jami'a, sashe yana buɗe fayil ɗinsa tun daga ranar farko, a bi kwas-kwas: na dole duk an ci, na gama-gari duk an ci, horon sanin makamar aiki na SIWES an yi in fannin na bukata, kundin bincike an miƙa, jimillar yunit ta cika. A nan ake gano wanda ya ci komai amma yunit ɗinsa 118 ne, don ya sauke wani kwas na zaɓi a aji biyu bai maye gurbinsa ba. Wannan bincike ɗalibi na iya yi wa kansa tun farkon aji uku, da kundin sashe a hannu ɗaya da takardun sakamakonsa a ɗaya, lokacin da sauran zango huɗu na gyara. Uba ko yaya mai biyan kuɗin makaranta shi ma yana da ikon cewa a nuna masa takardar sakamako kowane zango, ya duba CGPA, ya tambayi ko akwai kariyoba da yunit nawa ne, ko da bai taɓa shiga jami'a ba, domin lambobi ne da kowa zai iya karantawa. Ga wanda ya shiga jami'a da 'yan shekarunsa kuma, akwai ƙarin dalili: hukumar NYSC ba ta tura wanda ya haura shekara 30 a ranar kammala karatunsa bautar ƙasa, takardar yafewa take ba shi, kuma ranar da ake dubawa ita ce wadda jami'a ta amince da sakamakonsa na ƙarshe, ba ranar da 'yan ajinsu suka gama ba.